Glenys a Cikin Tafki

Desmond Ackroyd ya shigo lambun shaƙatawa na kusa da gidansu da silifas a ƙafa, yana haki, rigar sanyin matarsa rungume a ƙirjinsa. Shayi kawai ya shiga dafawa. Ko da ya fito, ƙofa a buɗe, Glenys ba ta nan. Tun bara mantuwa ke cinta, amma ba ta taɓa fita da rigar barci ba.

Ya bi layin furanni, ya leƙa bayan shingen ganyen da aka aske kamar bango. Ba kowa sai masu yawo da karnuka. Bev, mai kula da lambun, tana sharar ganye.

"Bev, don Allah, kin ga Glenys?"

"Ta sake fita? Ka duba tafki, Des?"

Abin da yake gudun ji ke nan. Ya ruga, gwiwoyinsa na sara.

Tana ciki, ruwa har cinya, tana tsince matattun ganyen bado, leɓunanta sun yi shuɗi. A nan ta girma. Mahaifinta ne mai kula da lambun a da, zamanin da wurin ke hannun masu shi, kafin hukumar gari ta buɗe wa kowa.

"Fito, Glen. Ruwan da sanyi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Bawan Allah, wa ya bar ka ka shigo? Idan Baba ya gan ka, ka kaɗe."

"Ni ne, Desmond. Mijinki."

Ya shiga ruwan. Ta ja da baya a tsorace, ruwa ya kai mata ƙirji. Ya tsaya cak, hannunsa a miƙe.

Bev ta iso, ta tsuguna a bakin tafkin. "Glenys, Babanki na nemanki. Ya ce shayi zai huce."

Nan take ta tako. Ta wuce mijinta ba ta ko kalle shi ba, ta kama hannun Bev. Bev ta karɓi rigar sanyin daga hannunsa, ta lulluɓe ta, suka nufi rumfar shayi.

Desmond ya fito, ya zauna a kan dutse, wandonsa na ɗiga. Ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya kira 'yarsu.

"Hazel, gidan kula da tsofaffin nan da na hana ki magana a kai."

"Ina jin ka, Baba."

"Akwai lambu a ciki?"