Maƙeriya ta Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Merle Kowalczyk tana riƙe da rumfar sikon, ɗan burodin nan da ake ci da shayi, a bikin shekara na garin Nallabri, kuma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin ce mata matsa can ba. Sai bana, da wata manhaja ta duba sunanta ta ce ita maƙeriya ce.

Desmond Pfeiffer ne ya jawo rigimar. Shi ne sakataren kwamitin biki, ya yi ritaya daga aikin kwamfuta a Adelaide, ya dawo gida ya rasa abin yi. Kowace shekara sai an kai ruwa rana a kan rabon aiki, wa zai tsare ƙofa, wa zai gasa nama, wa zai kwashe shara. Des ya ce na'ura ba ta da ƙawa, ba ta da suruki. Tunda bikin na tunawa da kakanni ne, sai kowa ya yi sana'ar da sunan gidansu ya samo asali daga gare ta.

"Abu ne mai sauƙi," in ji shi a taron kwamiti. "Na tara tushen sunayen Turai guda ɗari tara. Manhajar za ta ɗauki sunanka ta bi shi harafi-harafi, tana gwada shi da kowane tushe. Inda ya hau daidai, nan za ta tsaya ta ba ka sana'arka. Ba roƙo, ba sanayya."

Aka kaɗa ƙuri'a. Abin haushin shi ne Merle ce ta fara ɗaga hannu, don a ganinta duk na'urar da ta san abin da take yi ta san wa ya iya gasa sikon a garin nan.

Ranar Talata aka liƙa takardar a ƙofar ɗakin taro. Likita Fischer ta samu kamun kifi, a garin da kogi mafi kusa yake tafiyar awa huɗu. Wata Misis King da ke goge makaranta za ta wuni a kan kujera tana mulki. Duk masu sunan ɗan wane, su Anderson da Jacobsen da Petrovic, an ce su tsaya kusa da ubanninsu, alhali yawancin ubannin suna maƙabarta. Rumfar sikon kuwa, tunda sunansa na mai gasa burodi ne, ta faɗa hannun Lindsay Becker, direban tirela, mutumin da ko ruwan shayi sai ya ƙona. Sai ga maƙera: Smith, Schmidt, Kovacs, Ferraro, Lefebvre, Herrera, mutum arba'in da ɗaya a garin da bai kai mutum ɗari shida ba, da Merle a cikinsu.

Da wata shekara ce, da ta yi dariya ta bari ya wuce. Amma an riga an sayar da gidanta, kuma ranar Litinin bayan biki 'yarta Halina za ta zo ta tafi da ita Melbourne, wani ɗaki a hawa na shida mai murhun lantarki da ba a yarda ta taɓa ba. Wannan ne bikinta na ƙarshe. Abu ɗaya take so, ta ƙara ciyar da garin sau ɗaya kafin ta tafi.

Ta iske Des a kan barandarsa yana fama da sarewa, don shi ma manhajarsa ba ta raga masa ba, sunansa na mai busa ne. Karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin mota.

"Des, ka dube ni da kyau. Shekarata saba'in da takwas. Guduma zan ɗaga?"

"Ba ni na ce ba, Merle. Kowal maƙeri ne a yaren su mijinki. Na'ura ta gani, ta tsaya."

"Tadek bas ya tuƙa har ya mutu. Ƙusa ɗaya ya taɓa bugawa a gidan nan, hoton aurenmu ya faɗo a kan kyanwa."

"Ba Tadek take dubawa ba. Kakan kakansa take dubawa."

"To ka gyara."

Des ya ajiye sarewar, ya yi fuskar da yake yi in za a karanta dokoki. An kaɗa ƙuri'a, an rubuta a littafin taro, kuma abin da ya shiga littafin taro ba mai fitar da shi sai wani taron. Taro na gaba kuwa sai sati biyu bayan biki. A Nallabri ana iya rushe aure a rana ɗaya, amma ba a rushe shawarar kwamiti.

Merle ta zo da shirinta. Ta zaro takardar haihuwarta daga jaka ta miƙa masa. "Sunan aro ne ai. Ga na ubana, gwada wannan."

Des ya buɗe kwamfuta ya buga Walker. Ya karanta abin da ya fito, kunnuwansa suka yi ja.

"Me ta ce?"

"Masu taka ulu ne. Ana zuba sabon saƙi a kwami, su shiga da ƙafa su yi ta takawa har ya yi laushi."

"Wannan ai zan iya. A cikin ruwa?"

"A cikin fitsari, Merle. Wanda ya kwana biyu."

Ta karɓe takardarta ta ninke ta huɗu. "Ƙarfe nawa ake fara ƙirar?"

Ranar Asabar gari ya waye da zafi, kuma kowa ya fito, don mutanen Nallabri sun fi tsoron a ce ba su zo aikin gayya ba a kan a gan su suna shirme. Likita Fischer ta zauna da fatsa a bakin bahon roba na yara. 'Ya'yan wane sun jeru a maƙabarta da hulunan rana, kowa a gefen kabarin ubansa, suna ɗaga wa juna hannu. Misis King ta ɗauki abin da gaske, tun ƙarfe goma ta kori magajin gari daga inuwa. Waɗanda suka ji daɗi su ne iyalan Nguyen na kantin magani da na Singh na gidan mai. Na'ura ta bi sunayensu daga farko har ƙarshe ba ta samu komai ba, don haka suka shimfiɗa bargo a gindin bishiya suna shan askirim suna kallon Turawa.

A rumfar ƙira akwai uwar maƙera ɗaya, guduma ɗaya, da zuga-zugin da aka aro daga gidan tarihi. Des ya raba lamba, kowa minti huɗu. Merle ta ƙi zuwa da wuri saboda fushi, sai ta samu lamba ta arba'in da ɗaya. Ta tsaya a ƙarshen layi tana hango rumfarta, inda baƙin hayaƙi yake fita ta taga. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Can sai ga Lindsay Becker ya taho, fulawa har gira, riƙe da faranti.

"Merle, ki rufa mini asiri. Na bi abin da aka rubuta a bayan buhu, ga abin da ya fito."

Wani Kovacs ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan uwar maƙera ya sauke masa guduma. Gudumar ta yi tsalle, sikon bai ko tsage ba. Maƙera suka yi ittifaƙi cewa wannan ne ƙarfe mafi kyau da aka ƙera tun safe.

Merle ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan garwashin. Ta matsa, ta miƙa tafin hannu a samansa tana ƙirgawa a zuci kamar yadda take yi wa tandarta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ta janye. Daidai zafin da take so.

"Lindsay, kwaso fulawar nan duka, da kirim ɗin madara da ke cikin firji. Ku kuma, wa yake da tukunyar ƙarfe ta zuwa daji a bayan motarsa?"

Hannu talatin da wani abu suka tashi. A wannan yanki mutum yana iya mance matarsa a gidan mai, amma ba ya mance tukunyarsa.

Aka jera tukwane, aka kawo kwanuka. Merle ta naɗe hannun rigar sanyin da ba ta rabuwa da ita ko da zafi, ta tsoma yatsu a fulawa, sai yatsun suka ƙi. Tun hunturun bara suke sanƙarewa, ta ɓoye wa kowa har Halina. Ta sake gwadawa, zafi ya harba har kafaɗa. A nan ta gane abin da ta daɗe tana ƙin ganewa: ko da an ba ta rumfarta, ba za ta iya kwaɓa sikon ɗari uku ba. Ta tsaya da hannu cikin kwano, mutum arba'in suna kallonta.

Shekara talatin da ɗaya ana roƙonta sirrin sikon ɗinta. An ce gadon surukarta ne daga Poland, an ce har da addu'a a ciki. Ta goge hannu a jikin riga ta ɗaga murya.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Fulawa kofi uku, kirim kofi ɗaya, lemun kwalba kofi ɗaya. Ba madara, ba ƙwai."

"Lemun kwalba?" in ji wata Lefebvre. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sauran kuma kada ku dame shi. Kai Schmidt, kwaɓi na ce, ba dambe ba. Juya sau biyar ka cire hannu. Ferraro, garwashi a kan murfi ya fi na ƙasa yawa. Lindsay, kai dai riƙe zuga-zugi, kada ka taɓa abin da za a ci."

Ƙamshi ya bi filin biki. Likita ta yar da fatsa. 'Ya'yan wane suka yi wa ubanninsu sallama suka taho a jere. Des ya iso da gudu da takardarsa a hannu da sarewa a aljihu.

"Merle, wannan ba ya cikin tsari. An rubuta ƙira."

"Karanta mini abin da ta ce."

"Kowalczyk, M. Wurin aiki, rumfar ƙira."

"Ina nake tsaye?"

"A rumfar ƙira."

"An sa abu a wuta, an fito da shi da awartaki. Ka tambayi na'urarka ko tana da wani suna da take kiran wannan." Ta tsaga sikon mai zafi, ta shafa masa jam da kirim ta danna masa a hannu. Des ya ci, ya duba takardar, ya ƙara ci. An huta da sarewa har yamma.

Ranar Litinin Halina ta loda akwatuna. Ta shinshina rigar sanyin uwarta ta yamutsa fuska. "Mama, warin hayaƙi kike yi. Da mun isa zan jefa ta a injin wanki."

"Ki taɓa ta ki gani."

Sun zo wucewa ta gaban ɗakin taro sai Des ya tare motar. Ya sunkuyo ta taga yana murza hularsa.

"Na gyara tushe ɗaya a manhajar," ya ce. "Ban jira taro ba. Kada ki gaya wa kowa. Daga yau duk inda ta ga kowal, rumfar sikon za ta ba shi."

"Des, ni kaɗai ce mai wannan sunan a garin nan, kuma ga ni a mota."

"Na sani."

"To wa za ta ba?"

"Ba kowa. Maƙera za su yi gashin, tunda kin koya musu. Ita dai kowace shekara za ta bi sunayen garin nan ɗaya bayan ɗaya tana neman ki."

Merle ta buɗe baki za ta ce masa wawa, kamar yadda ta saba tun suna 'yan makaranta, amma ta fasa. Ta ja rigar sanyin ta rufe hancinta da ita, ta ce wa Halina ta tuƙa a hankali har su wuce filin biki.