Rigunan Ɗanmalam Uku

A kan rufin wani bene mai hawa shida a unguwar Dokki ta Alƙahira, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, Ɗanmalam da matarsa Awadiyya suka ƙulla yarjejeniya da hantsin wata Asabar. Kwana bakwai ta ba shi. In ya samo karensa kafin a kira la'asar ranar Juma'a, kare ya zauna, har ta yarda idan sanyi ya shigo ya riƙa kwana a bakin ƙofa daga ciki. In an kira salla babu kare, to khalas, magana ta ƙare: ba sauran yawon nema, ba kawo wani, kuma akurkin katakon da ya ƙera wa karen ya zama na agwagin da ta shekara takwas tana son kiwo kamar sauran matan rufin.

"Ka yarda, Malam?"

Ya gyaɗa kai.

"A'a, faɗi da bakinka. Kasuwar Ataba ta koya maka amsa magana yadda ba za ta kama ka ba."

Ya faɗi da bakinsa.

Ɗanmalam mutumin Babura ne. Tuƙi ya kawo shi Alƙahira, yana jan wani babba a ofishin jakadanci. Babban ya koma gida, shi ya zauna, ya auri Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai baki kamar reza da hannun girki, ya koma raka 'yan kasuwar da ke zuwa daga Kano sayen abaya da jallabiya a Ataba. Karen kuwa wani ma'aikacin jakadancin ne da aka yi wa canjin wuri ya bar masa shi a kwali, ɗan kwikwiyo ja mai farin bakin wutsiya. Ɗalibai Hausawa na unguwar Hay el-Sabi' da kan zo cin tuwon Awadiyya sun yi ta gunaguni da jawo nassi a kan dattijo mai furfura da kiwon kare. Shi ya sa ya raɗa masa suna Barsu.

Jiya Juma'a da yamma suna tafe a gefen shingen ƙarfen babban lambun gwamnati da ke kusa da unguwarsu, sai ga jerin motocin biki. Samari suka harba wutar nan tasu mai ƙara kamar bindiga. Barsu ya fizge, igiya ta suɓuce, ya kutsa ta tsakanin ƙarafunan shinge ya shige lambu. Da Ɗanmalam ya zagaya ƙofa, mai gadi ya yi masa bayani cikin natsuwa cewa doka ta hana kare shiga, saboda haka babu kare a ciki.

Asabar da Lahadi ya yi su yana zagaye lambun yana fito. Lokacin kaka ne, zafin Masar ya karye, sama ta yi dishi-dishi da hayaƙin karan shinkafar da manoma ke ƙonawa a ƙauyuka. Lambun ya fi ƙarfin ƙafar mutum ɗaya: itatuwa tsofaffi, kurmin gora, kududdufi, lunguna kamar ba a cikin birni ba. Ya tambayi mai shayi, ya tambayi masu shara. Duk wanda ya ce wa kare yake nema sai ya tambaye shi ko irin na Turawa ne mai gashi. In ya ce a'a, ɗan gari ne ja, sai a yi dariya a nuna masa titi, a ce ya zaɓi wanda yake so.

Ranar Litinin yana zaune a kan benci yana matsa gwiwarsa ta hagu, sai kawunsa ya faɗo masa a rai. Mahaifinsa malami ne, amma a hannun kawu ya tashi, kuma kawu mafarauci ne. In kare ya ɓace musu a daji, kawu ba ya ɓata murya. Tuɓe rigar da ya yini da ita yake yi, ya shimfiɗa a inda aka rabu da karen, ya danne da dutse, su koma gida. Da safe sai a tarar da kare kwance a kan riga. Ɗanmalam ya ga haka da idonsa ya fi sau biyar.

Ya tuɓe tsohuwar jallabiyarsa, ya shimfiɗa ta gindin wani itace mai ƙaya a jiki da furanni ruwan hoda, daidai inda Barsu ya kutsa. Ya danne da bulo. Ya koma gida da singileti da wando, mai gadin benensu yana kallonsa.

Talata da safe ya tarar da bulon. Ba jallabiya, ba kare.

Awadiyya ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Ta tambaye shi ko a dajin Babura akwai mutum miliyan ashirin. Ta ce a garin nan ko takalmi ɗaya ka ajiye a ƙofar masallaci sai ya sami mai ƙafa ɗaya. Ya ɗauko kaftaninsa na shadda mai ruwan toka, ya yini da shi a Ataba cikin turereniya har ya jiƙe, da yamma ya kai shi gindin itacen, ya ɗora bulo biyu.

Laraba da safe, bulo biyu.

Mai hankali nan zai tsaya. Amma Ɗanmalam ya zauna ya yi lissafinsa na ɗan kasuwa: dabarar ba ta ƙarya, dare ɗaya kawai take bukata. Ɓarawon riga kuwa mutum ne, wata rana zai makara. Sauran kayansa duk Awadiyya ta wanke su da omo mai ƙamshi ta kulle a akwati, mabuɗi a haɓar zaninta. Abu ɗaya ya rage a rataye a bayan ƙofa: babbar rigarsa shuɗiya mai aikin Kano, wadda 'yarsu Zulfa ta aiko masa daga gidan aurenta, wadda yake shiga ɗaurin aure da taron jakadanci da ita.

Ranar Alhamis ya saka ta ya tafi Ataba. 'Yan dako suka yi ta kiransa basha, wato babban mutum. Ya ɗauki dila biyu da kansa don ya yi gumi.

Da yamma ya kai ta gindin itacen, ya ɗora bulo uku. Da ya dawo gida babu rigar, Awadiyya ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta ce, "Ya zol, kai bawan Allah, rigar Zulfa ka ba kare?"

"Aro na ba shi."

"Gobe la'asar," in ji ta, ta juya ta ci gaba da yankan kuɓewa.

Juma'a ya riga mai gadi isa ƙofar lambu. Ya doshi itacen mai ƙaya. Furanni sun zubo sun rufe ƙasa, ga bulo uku an jera su tsaf a gefe, kamar wanda ya ɗauke rigar yana da ladabi. Ya tsaya ya dafa shinge. Shekara tara kullum da yamma karen nan ne ke fitar da shi, yana gaba yana waiwaye, in gwiwa ta motsa ya tsaya ya jira ba tare da an ce masa ba. A garin da kowa ke kiransa da sunan ƙasar da ba tasa ba, Barsu kaɗai ke jin Hausa ba gardama.

Ya ɗaure igiyar karen a ƙugu ya ce yau sai ya taka kowane lungu. Ya bi gefen kududdufi yana duba laka ko zai ga sawu. Ya ratsa kurmin gora a sunkuye. Ya wuce iyalai sun baza tabarmi suna ɓare lemo, ya wuce saurayi da budurwa da suka matsa nesa da juna da ganin furfura. Busassun ganye na ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Da aka yi kiran Juma'a ya fita ya yi salla a masallacin tsallaken titi, ya sayi gasasshen dankali a wajen mai kura, ya ci rabi, rabi ya naɗe a takarda ya sa a aljihu. Ya sake shiga.

Can ƙarshen lambu, inda ba kowa ke zuwa ba, wajen da ake renon dashe a cikin gwangwanaye, ya hango shuɗi. Wani siririn tsoho ne riƙe da tiyo yana ban ruwa, ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, ya cusa gindinta a wando, aikin Kano yana ƙyalli a ƙirjinsa, laka ta fantsama har aljihu.

Jinin Ɗanmalam ya hau. Amma shekara ashirin da biyar a Masar ta koya masa cewa wanda ya fara ihu shi ake taruwa a kai. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya yaba riga.

Tsohon, sunansa Am Hadi, ya washe baki. Ya ce ai wani bawan Allah ne ke ajiye sadaka a ɓoye gindin itace, sau uku ke nan. Ranar farko ya ɗauka sammu ne, ya karanta Falaƙi da Nasi kafin ya taɓa. Da ya ga bai mutu ba sai ya gane alheri ne, kuma kullum kayan gaba suke yi, yana sa ran gobe alkyabba. Sai kuma fuskarsa ta canza. Ya ce abu ɗaya ne ya dame shi: tun ranar da ya sa jallabiyar farko wata masifa ta liƙe masa.

"Wace irin masifa, ya Am Hadi?"

"Kare, ya Haj. Ja. Duk inda na sa ƙafa yana baya. Na jefe shi da hoge, ya tsaya ya kalle ni kamar na ci amanarsa. Shekaranjiya na rataye jallabiyar a ɗakin kayan aiki, ya jawo ta ƙasa ya kwanta a kai. Yanzu ko cebur na je ɗauka sai ya yi min gurnani. In shugabanmu ya gan shi, ni za a kora."

Ɗanmalam ya ce ya ɗan san sha'anin karnuka, a nuna masa.

Ɗakin na kwano ne a bayan tarin taki. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai yi fito ba, ya dai yi gyaran murya irin wadda yake yi in zai tashi daga tabarma. Wani abu ya motsa a cikin duhu. Barsu ya fito da jallabiya a baki yana jan ta a ƙasa, haƙarƙarinsa a waje, kunne ɗaya da ciwo. Ya ajiye ta a kan takalmin Ɗanmalam, ya jingina kansa da gwiwar nan mai ciwo.

"Ka ga yadda ka koma," in ji Ɗanmalam. Ya ciro rabin dankalin. Ya zauna a kan buhun taki ya miƙa masa.

Am Hadi ya dubi kare, ya dubi mutum, ya dubi rigar jikinsa. Ya fara kiciniyar cire ta yana ba da haƙuri, ma'alish, ma'alish. Ɗanmalam ya riƙe masa hannu. Ya ce riga ta ga mai ita, kaftanin ma ya riƙe. Abin da yake so kawai a fitar masa da kare ba tare da mai gadi ya gani ba, tunda a wajen mai gadi babu kare a ciki.

A baro suka fitar da shi ta ƙofar baya, an lulluɓe shi da jallabiya an zuba busassun ganye a kai, Am Hadi na turawa da babbar riga kamar mai kai gawar sarki.

Tasi uku suka tsaya, suka ga kare, suka wuce. Ɗanmalam ya dubi inuwa, ya ga ta fara tsawo. Ya ɗaura igiya suka kama hanya a ƙasa, tsoho na ɗingishi, kare na gaba yana waiwaye. Suna hawa na huɗu ya ji ladan yana hura lasifika. A hawa na biyar gwiwa ta ce ba ta zuwa. Ya saki igiyar ya ce, "Yalla, hau." Barsu ya haye a guje, shi ya biyo da rarrafe.

Ya tarar da Awadiyya tsaye, 'yan agwagi biyu a cikin kwali a gefenta, karen kuma ya tusa kai a cikin kwanonsa yana ci. Kwanon ba a bushe yake ba, burodi ne jiƙe da romo, sabo.

Ta ce ladan ya riga shi, don an ce Allahu Akbar ƙafarsa na kan matakala. Ya ce ba a yi yarjejeniya a kan ƙafarsa ba, a kan kare aka yi. Sannan ya nuna kwanon ya tambaye ta wa ta zuba wa romo. Ta ce agwagi. Ya ce bai taɓa ganin agwagwar da ake sa wa ƙashin rago ba. Ta shige ɗaki.

To, in za a faɗi gaskiya, wanda ya fi kowa riba Am Hadi ne: kaftani da babbar riga, kuma an raba shi da masifa. Barsu ya sami bakin ƙofa daga ciki tun kafin sanyi ya shigo. Awadiyya ta rasa akurki, agwaginta suka girma a tsohon bahon wanki, ta kuma sami abin gori na shekara guda. Ɗanmalam ne ya yi asarar da ake gani da ido, don ɗaurin auren da aka yi a Hay el-Sabi' wata na gaba da jallabiyar Ataba ya je, kuma har yau Zulfa ba ta san inda rigarta take ban ruwa ba. Amma kullum da yamma in ka bi gefen shingen lambun nan za ka gan shi da igiya a hannu, ya naɗe ta sau biyu a wuyan hannu, kuma bai yi kama da wanda aka ci ba.