Gurbin da Ya Rage wa Maugatai

Shekara talatin da ɗaya littafin ikilisiyar ƙauyenmu yana hannuna, har idona ya fara gazawa. A lokacin Fetuao, 'yar ƙanwata, tana kwalejin cikin gari tana neman satifiket na ilimin kwamfuta. Aikinta na ƙarshe shi ne ta zuba wani kundi na gaske a cikin na'ura. Na miƙa mata namu, na gargaɗe ta cewa sunayen bayin Allah ne.

Ranar Lahadin Jibin Ubangiji na karanta sunayen masu rai daga takardar da ta bugo. Da na kai ƙarshe, jama'a suka fara duban juna. Tsoho Maugatai yana bencin gaba cikin fararen kayansa, ba a kira shi ba. Da aka zo raba gurasar jibin, bai miƙa hannu ya karɓa ba.

Fetuao ta gano dalili tana kuka. An koya musu cewa suna ɗaya sau biyu kuskure ne. Maugatai kuwa sunan sarautar gidansu ne, kawunsa ya riƙe shi har kabari kafin tsohon ya gaje shi. Na'urar ta haɗe su, ta bar mamacin.

Kwana uku tsohon bai ci abinci ba. Ni da Fetuao muka je ban haƙuri da gasasshiyar gwaza da kifi, muka same shi kwance a tabarma, iskar teku tana kaɗa labule.

"Ashe na rasu, Dattijo, ba ka aiko mini ba?" in ji shi. "Ai da na sa an gyara wa baƙi wuri."

Ba wanda ya yi dariya. Na tuna masa cewa littafin da ke wurin Ubangiji ba hannun mutum ke rubuta shi ba. Ya ce ya sani, amma wani lokaci ta bakin marar sani ake aiko da saƙo.

Fetuao ta durƙusa ta buɗe kwamfutarta. Ta ce za ta mayar da shi cikin masu rai, sai dai na'urar ba za ta raba shi da kawunsa ba sai da sunansa na yanka, wanda ba a furta ba tun ranar naɗinsa.

Ya ce, "'Yata, biyu ne suka rage masu kirana da wannan suna. Uwata, tana can lahira. Sai Mahaliccina."

Sannan ya raɗa mata sunan. Ta rubuta. Layinsa ya dawo: suna, haihuwa, baftisma, aure. A ƙarshen layin akwai gurbi guda babu komai, wani ɗan siririn haske yana ƙiftawa a ciki.

Ya tambaya ko na mene ne. Gurbin ranar rasuwa ne. Fetuao ta kai hannu za ta rufe murfin kwamfutar, ya riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi a buɗe," ya ce. "Kada ki sha wahala sau biyu."