Larabar da Ba Su Sauka Ba

Malama ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na hawa na biyu, wata takwas bayan likita ya ce mata kansar ƙwan mahaifa ce. Maƙwabciyarta, tela, ita ta rufe mata ido. 'Yarta tana hanya.

Zagaye shida na maganin kansar aka rubuta mata, ta ƙarin ruwa, ranar Laraba, duk bayan mako uku. Tela ke raka ta. Uku suka yi. Gashi ya zube, yatsu suka daina jin maɓalli, ciki kuma bai fasa kumbura ba. Likita ya ce akwai wani maganin da za a gwada, amma ba zai yi alkawari ba.

A Laraba ta huɗu bas ta tsaya a ƙofar asibiti. Malama ba ta motsa ba.

"Mun iso fa," in ji tela.

"Na gani, ba makauniya ba ce. Zauna, sarkin gaggawa."

Bas ta ja. Shaguna suka yi ta raguwa, gidaje suka koma ƙanana, har titi ya ƙare a wani fili mai dogayen ciyayi da tankin ruwa. Direba ya kashe inji. Malama ta jingina kai da gilashi, rana ta kwanta mata a fuska.

"Shekara talatin ina hawa motar nan," ta ce, "ban taɓa sanin inda take ƙarewa ba."

"To ni me zan ce wa 'yarki in ta kira?"

"Ki ce mun fita da safe, mun dawo da rana. Ƙarya ce?"

Haka tela ta faɗa a waya, sau uku.

Ranar rasuwar, 'yar ta iso da yamma, bayan an watse daga jana'iza. Ta tarar da tela tana yaye zanen gado. Ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa.

"Goggo, duka shidan ta yi, ko? Ki dai ce mini an yi mata duk abin da za a yi."

Tela ta kama kusurwa biyu na zanen, ta miƙa mata sauran biyun. Suka ja baya har ya miƙe a tsakaninsu. 'Yar tana kallonta, tana jira.