Kujerar Aro

"Matso da ita in gani," in ji Wakili. Ya karɓi wayar daga hannun Hafiza, mai kula da ɗakin karatun unguwarsu a Sabon Birni. Ga maƙwabcinsa Kalilu a hoto, ya harɗe bisa kujerar katako yana ba da tarihin Gobir. Kujerar ta Wakili ce, aro ya bayar.

Da can ɗakin nan ko akuya ba ta leƙa shi. Sai Hafiza ta buɗe shafi a intanet, duk Juma'a ta rubuta littattafan da suka iso, ta haɗa da hirar Kalilu. Kafin girbi har daga Isa da Turba ake zuwa, a saurara, a ari littafi. Wakili kuwa, da shi da Kalilu bakin tsoho ɗaya suka ji tarihin nan, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da ciwo ya kayar da Kalilu, Wakili ya same shi kwance a zaure, ga kokon kunu ya huce.

"Gaisuwa ka taho ko biɗar kujera?" in ji Kalilu.

"Duka biyu."

"Kujerarka ta riga ka yin suna, Wakili. Har Maraɗi an san ta." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Ni dai za ni gida. Na tsaya wajen tashin birnin Alkalawa, ka ƙarasa musu. Kar ka cika gishiri yadda ka saba."

Bayan la'asar aka ji kuka daga cikin gida. Wakili ne ya kama makara ta gaba.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar uku, ya saka babbar rigarsa ta shuɗi ya nufi ɗakin karatu. Mutane sun cika tabarmi, kujera na tsakiya ba kowa. Ya dafa ta zai zauna, sai wani dattijo daga Turba ya ce, "Malam, nan wurin marigayi ne."

"Baba, ga tabarma," in ji Hafiza a hankali.

Wakili ya saki kujerar. Ya zauna a gindin kujerarsa, ya ɗauko labari daga inda Kalilu ya ajiye, bai bar kome ba.

Washegari Hafiza ta nuna masa shafin. Hoton kujera ne babu kowa, a gefe ga ɗan shuɗin hannun riga.

"Mi kika rubuta bisa?"

"Kujerar Malam Kalilu."

"Mai hannun rigar ga fa?"

"Sunansa yana ƙasa, Baba, layin ƙarshe."

Wakili bai iya boko ba. Ya ɗora babban yatsa inda ta nuna, ya daɗe yana kallo, har hasken wayar ya mutu.