Gida Mai Shuɗiyar Ƙofa

Shekara huɗu da wata biyu Yahoska Blandón ta yi tana zarya zuwa ofishin ba da takardun zama 'yan ƙasa da ke San José, har ta san kujerar da ƙafarta ke rawa, ta san tagar da ma'aikaciyarta ke tafiya shan kofi da ƙarfe goma. Duk bayan wata uku takan nemi izini a gidan burodin da take aiki a Alajuela, ta hau bas ɗin farko, ta karɓi lamba, ta zauna. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: ana kan duba fayil ɗinki.

Tana da aure ta shigar da takardun neman zama 'yar ƙasa, shekara biyu cif bayan an ɗaura mata da Mainor Quesada. Wata bakwai bayan haka ta kwashe kayanta. Ba dukanta yake yi ba. Bakinsa ne. In ya sha kwalba biyu cikin abokai sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Kun ga 'yar Nikaraguwan nan? Ba don ni ba da yanzu tana tsinkar kofi a gonar wani." Ranar da ya faɗa a gaban ɗalibanta biyu da take koya wa lissafi a gida, ranar ta rufe akwati.

Kowa ya ce ta danne zuciyarta. Wata shida kawai, katin 'yar ƙasa ya fito, sannan ta yi abin da ta ga dama. Ta ce ba ta yi shekara huɗu a jami'ar León, can Nikaraguwa, tana karatun koyarwa don ta zo ta sayar da fuskarta a kan kati ba. Da ƙafarta ta je ofishin ta shaida musu auren ya mutu. Aka ɗauke fayil ɗin daga teburin masu aure aka kai shi wani teburin, inda babu wanda ke gaggawa. Tun daga nan katin zamanta ma ya rataya a kan fayil ɗin, ana sabunta mata shi da 'yar takarda mai cewa ana kan dubawa. Makarantun gwamnati ba sa ɗaukar malama da irin wannan takarda. Gidan burodi yana ɗauka.

Ranar wata Laraba a watan Agusta lambarta ta faɗa tagar wani dattijo mai furfura, an rubuta Olman a ƙirjinsa. Maimakon ya leƙa kwamfuta ya sallame ta, sai ya tashi ya shiga ciki. Ya daɗe. Ya dawo da fayil ɗin kansa, ya yi kauri kamar bulo, ya zaro ambulan biyu daga ciki.

"An aika miki takardar kira sau biyu, 'yata. Bara, da farkon bana. Duka sun dawo."

"Sun dawo kamar yaya?"

Ya juyo mata bayan ambulan. An rubuta da biro: ba a sami gidan ba.

"Shekara huɗu ina zuwa nan, Don Olman. Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ya fitowa a kwamfuta. Sai an buɗe." Ya gyara tabarau ya karanta adireshin da ta rubuta da hannunta tun tana gidan miji. "Naranjo, daga tsohon kantin Don Eladio mita ɗari biyu kudu, gida mai shuɗiyar ƙofa, da itacen lemo a gaba. Can kike?"

"Gidan uwar tsohon mijina ne."

Ba ta canza shi ba. Ɗakin haya ta sauya sau uku, ga lambar wayarta a fayil, ga ta tana zuwa da kanta. Me kuma za a aika?

"To a canza yanzu," ta ce.

"Sai ki cika takarda, fayil ya bar layi ya tafi wani teburin. Wata takwas, in an yi sa'a. Ta ukun kuwa an riga an sa mata hannu, za ta fita kafin ƙarshen Satumba." Ya rage murya. "In ta uku ta dawo, rufe fayil ake yi. Ke kuma babu auren da za ki sake buɗe wani da shi."

"Ga ni a gabanka. Ba ni ita a hannu."

"Ba a hannuna take ba. Ɗan aike ne zai kai, wani a gidan ya sa hannu. Haka tsarin yake, ba ni na yi shi ba." Ya mayar da ambulan ɗin cikin fayil. "Da ni ne ke, da na je na ga abin da ya sami gidan nan."

A cikin bas ta gama yanke hukunci. Doña Zeneida ce, uwar Mainor. Ɗan aike ya zo, ta tsaya a ƙofa da wannan bakin nata a tsuke, ta ce ba ta san mai wannan sunan ba. Yahoska ta kwana huɗu tana shirya kalmomin da za ta gaya mata, tana juya su tana wasa su, tana naɗe wa mutane burodi.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci ta sauka a Naranjo. Kantin Don Eladio yanzu wayoyi ake gyarawa a cikinsa, amma wannan ba komai ba ne, shekara ashirin da mutuwar mutumin kowa yana auna hanya daga kantinsa. Ta yi kudu. Sai da ta kai kwalbatin da ke ƙarshen layin sannan ta tsaya, ta juya. Ta wuce gidan. Gidan da ta yi shekara kusan uku a cikinsa, ta wuce shi.

Ƙofar ta koma ruwan ƙasa, irin na sauran ƙofofin layin. Inda itacen lemo yake an shafe da siminti.

Ta daɗe tsaye a bakin titi. Ita ce ta yi wa ƙofar nan shuɗin fenti, sati biyu da tarewarta, don ƙofar gidan mahaifiyarta a Matagalpa shuɗiya ce. Duk kalmomin da ta wasa suka zube.

Doña Zeneida na zaune a baranda da faranti a cinya tana tsince wake. Ta ƙara ƙanƙancewa. Idon dai yana nan.

"A'a. Yau Malama ce a layinmu? Na gan ki kin wuce kamar mai neman gidan haya."

"Ina wuni, Doña Zeneida."

"Doña Zeneida. To." Ta watsar da tsakuwa. "Da Mama ce. In Mainor kike nema, yana Limón, wajen jiragen ruwa."

"Ba shi nake nema ba. Ina itacen lemon?"

"Ya sare shi ya yi wa motarsa wuri. Wata biyar ya sayar da motar. Ga siminti nan ya bar mini, in na so in matsa a kofi."

"Ƙofar fa?"

"Ƙofata ce. Sai na nemi izini?"

Yahoska ba ta zauna ba, ba a kuma ce ta zauna ba. A tsaye ta yi bayanin, tiryan-tiryan kamar mai ba da darasi: ambulan biyu, ta uku na hanya, abin da zai faru in ta koma. Tsohuwar ta daina tsince waken.

"Wani mai babur ya taɓa yawo a layin nan yana kallon ƙofofi," ta ce a hankali. "Na ɗauka mai sayar da katifa ne. Ɗan birni, ko tambaya bai iya ba." Sai ta ɗago. "Ke kuma kin zo da tunanin ni na kore shi. Ga shi nan a fuskarki."

"Na yi tunanin haka."

"Aƙalla ba kya ƙarya. Yanzu me kike so?"

"Ki bar ni in mayar da ƙofar shuɗiya. Wata ɗaya. In takardar ta zo ki sa hannu. Bayan nan in mayar miki da ita yadda take, ba za ki sake ganina ba."

"Wannan kam kin iya shi." Doña Zeneida ta ajiye farantin a ƙasa. "Na tafi kasuwa sayo miki cukwin da kike so, na dawo na tarar da ɗaki wayam. Mukulli a kan tebur. Shekara uku ina dafa miki shinkafa da wake kina ce mini na garinku ya fi, ban ce komai ba. Ɗana ne ya yi miki baƙar magana, ba ni ba. Na mare shi a kan haka sau biyu, kin sani?"

"Ban sani ba."

"Ina za ki sani? 'Yar boko ba ta tambaya. Duk safiya in na buɗe ƙofar nan sai in ga shuɗin nan yana kallona. Wata uku na jure, na kira mai fenti."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge, ta koma. Yahoska ta ji wuyanta ya yi tauri. Shekara huɗu ba ta sunkuyar wa kowa kai ba, ko masu tagar ofis, ko mai gidan burodi, ko 'yan garinsu da ke ce mata taurin kai ya kai ta ya baro.

"Ban yi da-na-sanin barin ɗanki ba," ta ce. "Yau ma da zan bar shi. Amma da na jira kin dawo daga kasuwa. Na ji tsoron in na gan ki ba zan iya tafiya ba. Ki yafe mini wannan, Mama."

Tsohuwar ta kalli titi. Ta share hanci da bayan hannu, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

"Biyo ni. Kada ki je ki sayo wani shuɗin daban ki ɓata mini gida."

A bayan gida, kusa da wurin wanki, akwai tsohon gwangwanin fenti, shuɗin ya bushe a gefensa, sunan launin bai goge ba. An cika shi da ƙasa. A ciki wani ɗan tsiro ne da bai wuce gwiwar mutum ba, ganyensa kore shar.

"Daga 'ya'yan wancan na shuka," Doña Zeneida ta ce. "Kwafi sunan fentin. Shi kuma ki ɗauke shi ki kai gaban gida. An ce itacen lemo, ba a faɗi tsawonsa ba."

Ranar Talata Yahoska ta dawo da fenti da buroshi. Ta kankare, ta shafa, ta jira ya sha iska, ta sake shafawa. Doña Zeneida na baranda tana tace kofi a ƙyalle tana ba da umarni. Kin bar gefen can. Yana ɗiga. Haka aka koya muku a jami'ar? Maƙwabta suka yi ta wucewa a hankali. Wata ta tambaya ko an yi sulhu ne.

"Da wa?" in ji Doña Zeneida. "Gwamnati muke wa kwalliya."

Daga nan sai jira, shi kuwa Yahoska ta iya shi. Sai dai wannan jiran ya bambanta da na kujerar ofis. A can ba ta da wanda za ta dogara da shi, saboda haka babu abin fargaba. A nan komai ya rataya a kan tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke zuwa asibiti ranar Alhamis, da kasuwa ranar Asabar. Daga baya ta ji cewa duk kwanakin nan Doña Zeneida ba ta leƙa kasuwa ba, ta kuma ɗage ganin likita.

Kwana na goma sha tara, tana tsaka da jera burodi a kwando, wayarta ta yi ƙara.

"Zo ki ɗauki abinki, ya cika mini tebur," in ji Doña Zeneida.

Ta same ta a baranda, ambulan a ƙarƙashin kwalbar sukari.

"Ɗan aiken ya tsaya yana kallon gwangwanin, ya ce, 'Uwa, wannan ne itacen lemon?' Na ce masa ai saurin zuwa kuka yi, da kun ƙara shekara huɗu da ka samu inuwa. Buɗe mana, kin tsaya kina shafa ta kamar jariri."

Yahoska ta buɗe. Ta karanta sau biyu. Ba kati ba ne, ba kuma amincewa ba ce. Rana aka sa mata, goma sha huɗu ga watan Yuni, wata tara nan gaba. An ce ta zo da mutum ɗaya da zai rantse cewa auren na gaskiya ne, ba don takarda aka yi shi ba.

"Wata tara," ta ce. Ta yi 'yar dariya mara sauti. Ta zauna a bakin baranda, karon farko.

"Me suka ce?"

Ta karanta mata.

"Shaida?" Doña Zeneida ta tsuke baki. "Shekara uku ina jin faɗanku ta bango. Auren ƙarya ba a yi masa irin wannan faɗan. Ki rubuta mini ranar a kalanda da manyan baƙi. Kuma bas mai kujera za mu hau, ba zan tsaya har San José da gwiwar nan ba."

Yahoska ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta dubi ƙofar.

"Na yi alkawarin mayar miki da ita ruwan ƙasa."

"Ki bar ta. Wa ya sani ko akwai ta huɗu." Tsohuwar ta tura mata kofi. "Sha kafin ya huce. In kin gama ki zuba wa itacen ruwa, tun jiya bai sha ba."