Takardar Ragi ta Alhaji Mudi

A shekarar da na buɗe gidan abincina a Gashuwa, wato dubu biyu da uku, na gane cewa magidancin garinmu ya gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi zaune a kujerar roba yana cin abincin sayarwa. Na sa fanka, na rataya labule, na sayo farantai masu fure daga Kano. Mutane suka riƙa wucewa suna leƙe kamar gidan makoki. Wanda ya yi ƙarfin halin shigowa kuwa, kafin ya wanke hannu labari ya kai unguwarsu cewa matarsa ba ta iya miya ba.

Wata ƙawata da ta zauna a Maiduguri ce ta ba ni shawara. Ta ce in buga 'yan takardu in raba, duk wanda ya zo da ɗaya ya ci tuwon shinkafa da miyar banda a rabin kuɗi. Na kai wa mai buga katin biki ya buga mini su, ruwan hoda, da hoton cokali a gefe. To, a nan na sha kallo. Ashe kunyar nan da ta hana maza shigowa rabin kuɗi take jira. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, har da wani da ya taɓa yi mini wa'azi cewa abincin sayarwa ba shi da albarka, duk suka hallara. Kowa takardarsa a ninke cikin hula. Sai ya zauna, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya zaro ta a hankali ya tura ƙarƙashin faranti.

Rabin kuɗin bai karya ni ba, don kifin a arha na same shi. A hannun Alhaji Mudi kuma na same shi.

Tare muka tashi da Mudi a Hausari ta Nguru. Kakanninsa fatake ne daga Kano, jirgin ƙasa ya kawo su suka zauna. Shi dillalin banda ne: ya je bakin ruwa a Dagona ya sayi kifin da masunta suka gasa suka busar, ya loda a kwalaye ya tura Kudu. Allah ya ba shi, amma bai ba shi hannun sakewa ba. Shayi ba madara yake sha, ya ce likita ya hana shi, sai ranar da wani ne zai biya, ranar likitan kan sassauta. Tun muna yara yake haka. In ya ba ka ƙosai ɗaya, har ka yi aure yana tuna maka.

Wata rana da la'asar ya tsayar da a-kori-kurarsa a ƙofata, ya sauke kwanduna uku. Ya ce ragowar kaya ne, mota ta cika, in ba da abin da ya sawwaƙa. Na buɗe, na ga tarwaɗa a nannaɗe, baƙa wuluk tana sheƙi, ta bushe ƙayau, ba ƙwaro ko ɗaya. Na san kifin nan ya fi ƙarfin irin wannan arhar. Ban tambaya ba. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da zai tafi na ɗora masa gyara, na ba shi 'yan takardun nan guda goma. Yadda ya karɓe su da hannu biyu, sai ka ce takardun fili na ba shi.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Gashuwa, sai ga shi da hantsi, ya sha shadda da hula zanna. Hanyar Nguru ta jijjiga shi, amma fuskarsa cike da shiri.

"Sabuwa, yau ina da babban baƙo," ya ce. "Baba Zarami na Dagona. Kin san shi?"

Na ce ina jin sunansa.

"Rabin kayan da nake turawa Kudu daga gidansa suke fitowa. Ga ruwa ya fara janyewa, babban kamu na tafe. Shi kuma wani dillali, Dunoma na nan garin, ya sa shi a gaba, yau goro gobe gaisuwa, yana so ya ƙwace mini shi. In tsohon nan ya juya mini baya, bana ba ni da abin lodawa, mutanena na Kudu kuma ba sa jira. Yau zai faɗi wanda zai ba. Shi ya sa nake so in karrama shi, karramawar zamani."

"Madalla," na ce. "Bari in sa a yanka kaza. Akwai ƙaton zakara a baya."

Ya ɗan yi tari. "Kazar tana cikin takarda?"

"Takarda ta tuwo da miyar banda ce, Yaya Mudi. An rubuta a jiki."

"To a kawo ta takardar."

Na ajiye ludayin da ke hannuna na dube shi da kyau. "Masunci za ka ciyar da kifi? Mutumin da ya kwana da kifi ya tashi da kifi shekara sittin? Haba Alhaji! Ko don sauyin baki ai ka ba shi nama."

"Ke ba ki san mutanen ruwa ba," in ji shi. "In ba kifi ba, ba sa jin sun ci abinci. Kuma takardun nan, in ban yi amfani da su ba, asara ce."

Mudi ya fi shekara ashirin yana cinikin banda, amma ban taɓa ganin ya ɗauki kifi ɗaya ya kalle shi don kallo ba. Shi kwando yake gani, da nauyinsa. A wurinsa tarwaɗa tarwaɗa ce, da ta shiga miya kuma ta zama ta kowa.

Bayan azahar ya dawo da baƙonsa. Baba Zarami dogon tsoho ne siriri, rana ta gasa shi, tafin hannunsa ya yi kanta saboda jan raga. Ya tsaya a bakin ƙofa zai cire takalmi, na ce ya shigo da abinsa. Ya gaishe ni da "wushe, wushe" irin ta mutanen ruwa, ya tambayi gida da aiki, sannan ya zauna a bakin kujera yana kallon fanka da alamar bai yarda da ita ba. A ganina bai taɓa cin abinci a irin wannan wuri ba, kuma don girmama Mudi kawai ya shigo.

Mudi kuwa ya baje. "Baba, ka ga wurin manya. Ba kowa nake kawowa nan ba. Sabuwa, a kawo mana na musamman!"

Na musamman ɗin na gani da idona, yana leƙowa ruwan hoda daga aljihun gabansa.

Na kawo tuwo mulmule biyu biyu, da miya, kowane faranti da tarwaɗa guda a nannaɗe yadda take. Ba na farfasa ta, don masu takarda suna so su ga kifi cikakke su tabbatar ba a cuce su ba. Mudi ya yi bismillah ya kai loma, yana ci yana zuba. Zumunci ne tun na iyaye, amana ce, shi ba ya cin haƙƙin masunci, Dunoma kuwa ɗan jiya ne, ba a san asalin jarinsa ba.

Baba Zarami bai kai loma ba. Ya sa yatsa ya juya kifin a cikin miya. Ya sake juya shi. Ya share miyar da ke bayansa da babban yatsa, sai ga tsaga uku a jere daf da kai, biyu dogaye ɗaya gajeriya. Ya kama bakin tsinken da ya haɗa kai da wutsiya ya zaro shi a hankali. Ba itace ba ne, kaba ce aka fere, an ƙulla ƙarshenta.

"'Yata," ya ce da ni, "wannan kifin daga ina?"

Kafin in buɗe baki Mudi ya tare. "Na Baga ne, Baba. Na Tafkin Chadi. Daga can ake kawo mata."

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya ɓare kifin gida biyu, ya ɗaga tsokar yana duba cikinta a hasken ƙofa. Fara tas, ba rami ko ɗaya. Ya sa kaɗan a baki ya tauna a hankali, idonsa a rufe.

"Akwai saura?" ya tambaye ni.

Da na iya cewa ya ƙare. Mudi yana ta ƙifta mini ido har hularsa na motsi. Amma yadda tsohon ya yi tambayar, ƙarya ba ta fito mini ba. Na shiga ciki na jawo kwando na uku, wanda saura rabi, na ajiye a gabansa. Ya shafa bakin kwandon, ya ɗauki kifi ɗaya, ya ɗauki wani, ya ɗauki na ƙasa. Kowanne da tsaga uku da tsinken kaba. Malaman makaranta biyu da ke teburin gefe suka daina tauna.

"Kowane gida a Dagona da yadda yake tsaga kifinsa," ya ce, da ni yake magana. "Don in an haɗa kaya a kwalekwale kowa ya gane nasa. Wannan tsagar ta matata ce, Afra. Ta uku gajeriya ce saboda yatsanta da ƙugiya ta taɓa kamawa, ba ya kaiwa. Shekara talatin da biyar tana yi mini banda." Ya ajiye kifin. "Mako uku da suka wuce Alhaji ya zo bakin ruwa. Ya ware kwando uku ya ce ƙwari sun cinye su, sai zubarwa. Ya faɗa da ƙarfi, mata na tsaye suna ji. Ya ce kada ma a buɗe, kada ƙwarin su shiga sauran kaya, shi zai taimaka ya ɗauke su ya zubar a daji. Ban buɗe ba. Mutumin da na yi ciniki da ubansa, in buɗe kwando a gabansa? Har godiya na yi masa."

"Baba, ka tsaya ka ji," in ji Mudi. "Kifi ai yana kama da kifi..."

"Na koma gida na yi mata faɗa," tsohon ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. "Na ce tsufa ya kama ta, ta bar wa surukanta aikin. Ta rantse ta ce kayanta lafiya suke. Na ce Alhaji zai yi ƙarya ne? Tun ranar ba ta sake zuwa wurin murhun banda ba. Tana zaune a ɗaki, in mata sun wuce ta sunkuyar da kai."

Kunya ta kama ni. Mako uku ina cika gidan abincina da kifin matar nan, ina jin daɗin yabo, ana cewa miyar Sabuwa ba ta da na biyu, ita kuma tana can a ɗaki an ce mata ba ta iya ba.

Mudi ya yi gumi, shaddar ta manne a bayansa. Ya ce wataƙila yaran mota ne suka rikita kwanduna. Ya ce wataƙila na sama ne kawai suka lalace. Ya ce shi ma bai duba sosai ba, kuma ai komai gyaruwa yake tsakanin 'yan'uwa. Daga nan sai ya yi abin da ya fi iyawa. Ya zaro takardu biyu ruwan hoda ya shimfiɗa a tebur, ya gyara musu zama da yatsa.

"To Sabuwa, ga na mutum biyu. Baba, ka ci abincinka, ni na ɗauki nauyi."

Baba Zarami ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya kalli hoton cokalin. "Wannan mece ce?"

Na yi masa bayani. Duk wanda ya kawo ta, rabin kuɗi zai biya.

Ya sake kallon takardar, sannan ya kalli Mudi, kallo na farko tun da aka kawo abinci. Bai zage shi ba. Wallahi da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya tura takardar da yatsa ɗaya har gaban Mudi.

"Riƙe abarka, Alhaji. Za ka buƙace ta bana."

Ya juyo gare ni. "'Yata, ƙunsa mini kifin nan na farantina, da miyarsa. A saka tsinken a ciki. Zan kai wa mai shi ta gani da idonta, in ba ta haƙuri. In Dunoma ya leƙo nan nemana, ki ce ya same ni a tashar motar Dagona."

Na zuba a roba mai murfi. Na ce ya ɗauki sauran kwandon ma, nasa ne. Ya ce kwandon zai karɓa, amma abincin da aka dafa sai ya biya, don itacena da maina sun shiga ciki. Ya kwance bakin ƙyallen da yake ƙulle kuɗinsa a ciki. Na ce ya bar shi, ya ƙi. Na ce to ko rabin ne, kamar kowa.

Ya ajiye kuɗin cif a kan tebur, kusa da takardun Mudi, ya ɗauki robar da hannu biyu.

"Kifin Afra an yi masa ragi sau ɗaya a bakin ruwa," ya ce. "Ba za a yi masa na biyu a gabana ba."